"An Yi Aiki, An Yi Nasara": Ku Dakata Da Barka Sai Bayan Kwana Uku



Akwai wata fitowa da dukkanmu muka haddace, a fim da a littafi. Yarinya ta yi haɗari fuskarta ta lalace, Alhaji ya fitar da ita Indiya, dangi sun yi jugum a ƙofar ɗakin tiyata, can sai ga likita ya fito yana cire safar hannu, ya ce an yi aiki an yi nasara. Shafi na gaba ana warware bandeji, ta fito ta fi da kyau. Mun karanta irin wannan, wasunmu ma mun rubuta. Da a takarda abin ya tsaya da sauƙi. Amma haka muke kallon tiyata a zahiri: da zarar likita ya ɗaura zaren ƙarshe sai a hau barka, 'yan dubiya su watse, a bar mai jinya ɗaya tana gyangyaɗi a kan tabarma. Alhali akwai wani nau'in aiki da a daidai wannan lokacin ne ake shiga haɗarinsa mafi girma. Shi za mu yi magana a kai, kuma za mu yi jayayya da masu cewa na'urar da ke gadin wannan aiki kayan ƙawa ce ta ƙasashen masu kuɗi.

Likitocin gyaran jiki suna da wata dabara da suke kira fulaf. Mu a nan za mu ce mata maho, irin wanda tela ke yi wa riga, sai dai wannan mahon mai rai ne. Kada a haɗa shi da dashen fata da aka fi sani. A dashen fata, ana feƙe fata siririya kamar takarda daga cinya a shimfiɗa a kan ciwo, ta riƙa tsotsar abinci daga naman da ke ƙarƙashinta har sababbin jijiyoyi su tsiro mata. Wannan ba ya cike ramin da ya huda kunci, ba ya kuma kamawa a kan ƙashin da ya fito fili tsirara. Wurin irin wannan sai maho: a ɗauko fata da kitsenta, wani lokaci har da tsoka ko ƙashi, tare da jijiyoyin jininta. Wani mahon ana barin gefensa ɗaya manne da inda ya fito, kamar jariri da cibiya, a juyo shi ya rufe ramin. Wani kuwa yanke shi ake yi gaba ɗaya, daga hannu ko cinya ko ciki, a kai shi fuska ko ƙirji ko ƙafa, a ɗinke jijiyoyinsa da na sabon wurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Jijiyoyin nan faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, zaren ɗinkin kuma ya fi gashin kai siranta. A 1973 likitoci biyu, Daniel da Taylor, suka ba da rahoton irin wannan aiki a Ostareliya, inda suka ɗauko maho daga matsematsi suka rufe ciwon ƙafa. Yau har ƙashin ƙwauri na waje ake ɗaukowa a ƙera wa mutum sabon muƙamuƙi.

To, ran wannan nama duka yana rataye ne a kan ƙananan bututu biyu: jijiyar da ke kawo jini, da jijiyar da ke mayar da shi. Gudan jini ɗaya, wanda bai kai ƙwayar gero ba, in ya toshe ɗayansu, an shiga uku. Haka in jijiyar ta lanƙwashe don maras lafiya ya juya wuya, ko bandeji ya matse, ko jini ya taru a ƙarƙashi ya danne ta. Naman da aka yanke wa jini yana da 'yan sa'o'i ne kawai, tsoka ma ta fi fata saurin mutuwa. In an gane da wuri, a koma ɗakin tiyata a buɗe ɗinkin a cire gudan, galibi ana ceto shi. In aka makara, ko an buɗe jijiyar jini ba zai sake ratsa ƙananan hanyoyin ba, sai dai a cire mahon a jefar. Mutum ya tashi da rami biyu: wanda ya zo da shi, da wanda aka yi masa wurin ɗauko mahon.

Kuma an san lokacin da wannan ya fi faruwa. Wani babban asibiti a Taiwan ya bi diddigin maho 1,142 da ya yi, ya buga sakamakon a 2007. Cikin waɗanda suka sami matsalar jini har aka koma da su ɗakin tiyata, sama da kashi 80 cikin ɗari alamar ta bayyana ne a sa'o'i 24 na farko, kusan kashi 96 kuma a cikin sa'o'i 72. Waɗanda aka gano da wuri su ne aka fi cetowa. Kwana ukun da muka sa a kan wannan rubutu daga nan suka fito.

Yaya ake gadin? Hanyar da aka gada ita ce nas ta zo duk sa'a, dare da rana, ta duba. Ta kalli launin mahon, ta taɓa ta ji ɗuminsa, ta danna da yatsa ta saki ta ga yadda jini ke dawowa, in tana shakka ta soka allura ta ga kalar jinin da zai fito. In jijiya mai kawowa ce ta toshe, mahon zai yi fari fat, ya yi sanyi, ya saki, a soka allura ba jini. In mai mayarwa ce, wadda ita ta fi yawan toshewa, sai ya kumbura ya yi shuɗi, jinin da zai fito baƙi ƙirin. Ana kuma ɗora 'yar na'urar Dofla, irin wadda ake jin bugun zuciyar jariri da ita a awon ciki, a saurari motsin jini.

A sake karanta waɗannan alamomi, 'yan uwa. Ya yi fari. Ya yi shuɗi. Jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. A jikin wa aka rubuta wannan? Kowa ya danna bayan hannunsa yanzu ya saki, ya gaya mana farin da ya gani da jan da ya dawo. A tafin hannu ko farce za mu gani, amma galibi ba daga tafin hannu ake ɗauko maho ba. Daga cinya ne, da ciki, da ƙirji, da gadon baya, wuraren da fatar yawancinmu ta fi duhu. Littattafan da suka ɗora launi a kan gaba an rubuta su ne a ƙasashen da fata ke nuna jini kamar ruwa a kwalba. A jikin baƙar fata, kafin shuɗin ya fito yadda ido zai kama shi, sau da yawa nama ya daɗe yana shaƙewa. A ƙara da cewa ƙarfe uku ne na dare, an ɗauke wuta, nas tana haskawa da tocilar waya, kuma gadaje da yawa na jiran ta. Dofla ma tana da nata ruɗin: in jijiya mai mayarwa ce ta toshe, mai kawowa tana iya ci gaba da bugawa na tsawon lokaci, nas ta ji sauti ras ta rubuta lafiya lau, alhali jini na shiga ba ya fita.

Nan ne awon iskar oksijin ya shigo. Duk wanda ya taɓa ɗora tocila a yatsunsa yana yaro ya ga sun yi ja, ya riga ya san rabin bayanin: haske yana ratsa nama. Akwai wani haske da ke gaba da ja kaɗan, wanda ido ba ya gani, dangin wanda ke fita daga rimot ɗin talabijin, shi ya fi hasken da ido ke gani ratsa jiki. A cikin jini kuma akwai sinadarin himogulobin mai dakon oksijin, kuma yadda yake shanye wannan haske in yana ɗauke da kaya daban ne da yadda yake shanye shi in ya sauke. Wani masani a Jami'ar Duke ta Amurka, Frans Jobsis, shi ya nuna a 1977 cewa ana iya amfani da wannan a leƙa cikin nama mai rai ba tare da an yanka ba. Yau abin ya zama ɗan faifai da ake manna wa a kan mahon kamar filasta. Yana tura haske ciki, yana karɓar wanda ya dawo, na'ura ta lissafa kashi nawa na himogulobin ɗin wurin ke ɗauke da oksijin, ta rubuta a allo, ba tsayawa.

Wani zai ce ai mun san shi, wanda aka riƙa maƙala mana a yatsa lokacin korona. Ɗan uwansa ne, amma ba shi ba ne. Na yatsa yana bin bugun jijiya ne, yana faɗin yadda huhu ke cika jinin jiki duka da iska. Mutum na iya samun 98 a yatsa alhali mahon da ke kuncinsa na mutuwa. Wannan kuwa ba ruwansa da bugu, naman da ke ƙarƙashinsa kawai yake aunawa. Dalilin da ya sa yake riga ido kuma a fili yake. Da zarar jini ya tsaya, nama bai daina cin iska ba, sai ya ci gaba da wawure ɗan abin da ya rage a jinin da ya maƙale. Lambar sai ta fara gangarowa tun launi bai motsa ba. Wani likita a Amurka mai suna Alex Keller ya fitar da ƙa'idar da mutane da yawa ke bi: in lambar ta kai 30 ko ƙasa, ko kuma tana zubewa da maki 20 a sa'a har abin ya wuce minti 30 bai tsaya ba, a ɗauka akwai matsala. Na'urar ta yi ƙara, a tashi likita.

Shin yana aiki? Wani asibiti a Boston ya kwatanta maho 614 na matan da aka sake ƙera wa nono, yawanci bayan ciwon daji, ya buga a 2011. Kafin su fara awon oksijin, cikin mahon da suka sami matsala kusan kashi 58 cikin ɗari suke cetowa. Bayan sun fara, ya koma kusan kashi 94. Adadin waɗanda ake komawa da su ɗakin tiyata bai canja sosai ba. Abin da ya canja shi ne ana komawa kan lokaci.

Yanzu bari mu ba masu adawa haƙƙinsu, don ba wawaye ba ne, cikinsu akwai manyan likitoci.

Suna cewa binciken Boston ba a raba marasa lafiya da ƙuri'a ba, shekarun baya aka kwatanta da na gaba, kuma hannun likita na ƙara faɗawa da shekaru, wataƙila gwaninta ce ta ƙaru ba na'ura ba. Wannan magana ce mai nauyi, mun karɓa. Suna cewa a hannun ƙwararru sama da maho 95 cikin 100 suna rayuwa ko babu na'ura. Gaskiya ne. Suna cewa faifan tsada gare shi, da dala ake saye, kuma a wasu na'urorin sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Suna cewa yana ƙarar ƙarya in ya ɗago ko jini ya shiga ƙarƙashinsa, kuma a cikin baki, inda yawu da motsi suke, manna shi aiki ne. Duk mun yarda. Daga nan sai su rufe da cewa ido da hannun ƙwararre sun isa, asibitin da ke fama da wuta da ruwa ba shi da ta cewa a kan wannan.

A nan muka rabu. An ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima, to amma sai ya ga abin da zai ƙimanta. Hujjar cewa ido ya isa an gina ta ne a asibitocin da nas ɗaya ke kula da mutum ɗaya ko biyu, a ɗaki mai haske, a kan fata mai nuna launi. A cire waɗannan ukun a ga abin da ya rage mata. Wanda yake da ma'aikata da yawa da fata mai saukin karantawa, shi ne na'urar ta zama masa ƙari. Wanda ba shi da su, ita ce ke cike masa gurbi. An juya lissafin ne: inda aka fi buƙatarta can ake cewa ƙawa ce.

Maganar tsada kuma, a lissafa ta har ƙarshe. Aikin maho yankakke yakan cinye yini guda, da likitoci, da mai sa barci, da jini, da magani. Iyali sun sayar da gona ko shanu kafin a kai ga wannan rana. In mahon ya mutu duk wannan ya tafi, kuma ba a dawo inda aka fara ba, an koma baya, don wurin da aka ɗauko shi ba ya sake bayarwa, jijiyoyin da aka ɗinka a wuya ma an riga an taɓa su. Mai kuɗi zai sake gwadawa. Talaka sau ɗaya yake da shi. Wanda bai da damar karo na biyu shi ya fi kowa buƙatar a tsare masa na farko.

Ba kuma maganar nesa muke yi ba. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar noma tun 1999, kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana aiki tare da shi tun 2014. Noman nan ba na gona ba ne, sunan cuta ne da ke farawa daga dasashi ta cinye kunci da leɓe da hanci cikin kwanaki, galibi a jikin yara 'yan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ta raunana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba kusan tara cikin goma ke mutuwa, kuma a Disambar 2023 ta sanya ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, bayan Nijeriya ta jagoranci neman hakan. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. Wanda ya tsira daga noma, fuskarsa da maho ake gina ta. Cikin dabarun akwai ɗago fatar ƙirji a kai ta kunci a bar ta manne da cibiyarta kamar mako uku kafin a raba. Irin wannan bai da ɗinkin jijiya, amma shi ma lanƙwasa ko matsi na iya kashe bakinsa, kuma yaro ne, ba zai kwanta shiru don an ce ya kwanta ba. A ƙara da 'yan acaɓa da ƙashin ƙwauri ke fitowa fili bayan haɗari, da masu ƙarin muƙamuƙi, da waɗanda wuta ta ƙona, da iyayenmu mata masu ciwon nono. Waɗannan su ne masu mahon, kuma kusan dukkansu fatarsu irin tamu ce.

Sai dai akwai wata hujja da ta fi duk na baya ƙarfi, kuma abin mamaki masu adawa ba su cika kawo ta ba. Mu za mu kawo ta da kanmu. Sinadarin da ke sa fatarmu duhu shi ma yana shanye haske. A Disambar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka nuna cewa na'urar yatsa tana ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙe kusan ninki uku fiye da farare: kashi 11.7 a kan kashi 3.6. Shekara da shekaru ana amfani da ita a haka. Na'urar maho ma da haske take aiki, kuma an san duhun fata na iya rage hasken da ke dawowa ya taɓa lambar. Ashe ke nan ido ya gaza a kanmu, na'urar ma ba a kanmu aka fara gwada ta ba.

Wannan ba dalilin watsar da ita ba ne. Abu na farko, amfanin awon bai tsaya ga lamba guda ba, yana ga tafiyar lambar. Ana ɗaukar awon mahon tun a ɗakin tiyata lokacin da aka tabbata jini na gudana, sai a riƙa kwatanta shi da kansa. Launin fata ba ya canjawa tsakanin isha'i da asuba, saboda haka in lambar ta zube, jini ne ya canja. Abu na biyu, wannan aiki ne da ya faɗo a kan asibitocin koyarwarmu. Duk kamfanin da zai kawo mana na'ura, a tambaye shi a kan fata irin wace ya gwada ta, mutum nawa. In bai da amsa, a gwada a nan, a rubuta, a buga. Ƙa'idar 30 da 20 a jikin wasu aka samo ta, babu wanda zai zo daga waje ya auna mana tamu.

Kafin na'urar ta iso ma akwai abin yi, don kada wani ya fake da babu. Likitoci a Japan da Faransa sun gwada soka mahon da allura su auna sukarin jinin da na'urar masu ciwon suga, wadda ke kusan kowane kemis, domin naman da jini ya tsaya masa yana cinye sukarinsa kamar yadda yake cinye iskarsa, lambar ta faɗi ƙasa da ta yatsa. Wasu na amfani da 'yar kyamarar zafi da ake maƙala wa waya. Har matsattsaku, wanda muke gudu a rafi, ana ɗora shi a kan mahon da ya cushe ya zuƙe jinin, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a hukumance a 2004. Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya: a nemi abin da za a auna a rubuta, wanda nas ta dare za ta miƙa wa ta safe, maimakon "na ga kamar ya ɗan yi duhu".

Kuma kada mu yaudari kanmu, ƙarar na'ura ba ta cire gudan jini. In ta yi ƙara ƙarfe uku na dare, dole a sami nas da ta san ma'anar ƙarar kuma ba ta tsoron tashin babban likita, a sami likitan da wayarsa ke kunne, mai sa barci yana kusa, mabuɗin ɗakin tiyata ba ya aljihun wanda ya tafi gida, janareto da mai. In babu wannan, na'urar za ta zama mai shelar mutuwa ne kawai, ta faɗi daidai mintin da naman ya fara tafiya, kowa na kallo. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Asibitin da ya karɓi kuɗin aikin maho ya karɓi kuɗin kwana ukun nan ne, ko ya rubuta a rasit ko bai rubuta ba.

Saboda haka duk wanda aka ce za a yi wa nasa irin wannan aiki, bayan ya tambayi kuɗi da rana, ya ƙara da waɗannan cikin ladabi: Likita, wa zai riƙa duba shi da dare, kuma duk bayan minti nawa? Da me za a duba, ido kawai ko akwai abin awo? In aka ga matsala ƙarfe uku, cikin minti nawa za a iya komawa ɗakin tiyata? Mai jinya kuma a nuna mata wurin da ba a son ya danne, da yadda ake son kan ya kwanta, a gaya mata kada ta ƙara ɗaure bandeji don ta ga ya saki, ta kira nas.